Malam Kunne da Amfilifaya Mai Ƙaramar Murya

Teloli ne suka sa masa suna Malam Kunne, sunan kuma ya bi shi har gida, har mai kawo takardar wuta ma da shi yake sallama. Sana'arsa gyaran keken ɗinki, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda dole mutum ya rusuna kafin ya shiga ko da iyayensa ba su koya masa ladabi ba. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, ba a taɓa ganin ya fara da kwance keke ba. In tela ya zo yana kai ƙarar kekensa, ba ya ma barinsa ya gama bayani. Sai ya ce, "Taka." Tela ya taka. Shi kuma ya ɗora bakin sukudireba a jikin keken, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai jin gulma ta bango. Can sai ya ce, "Ƙoshiya ce take makara." Wani lokacin kuma ya ce, "Kekenka lafiyarsa ƙalau, ƙafarka ce ke son gyara." Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma shi ma bai taɓa barin a manta da hakan ba.

To, wannan mutum da kunnensa ke jin makarar ƙoshiya daga bakin ƙofa, yana da wani abu a gida da bai so kowa ya ji.

Jita ce mai aiki da wuta, ja, fentinta ya ƙoƙe a inda hannu ke gogawa. Ta yayansa ce. Yayan ya yi kiɗa a wata ƙungiya zamanin ƙuruciya, da zai bar gari neman aiki sai ya bar masa ita, ya koya masa kiɗa guda ɗaya tak a tsaitsaye, jaka na rataye a kafaɗarsa. Amfilifayar da ke ƙara mata murya kuwa ta ƙungiya ce, ba ta biyo jitar ba. Wanda ya san irin wannan jita ya san in ba a jona ta da amfilifaya ba, muryarta ba ta wuce ta sauro mai mura. Haka Malam Kunne ya yi shekara ashirin da biyu yana kaɗa ta. Kullum ya dawo daga shago da yamma, ya wanke man keke daga hannunsa, ya shiga ƙaramin ɗakin da ake ajiye akwatuna da tsohuwar fanka, ya bar ƙofa a ɗan buɗe saboda zafi, ya zauna a kan kujerar roba ya yi ta tsin-tsin-tsin na rabin awa.

Shirun nan ya yi masa rana. Maƙwabta sun san yana da jita, ba su taɓa jin ta ba, saboda haka suka yanke cewa gwani ne mai kawaici. Teloli suna ba da labarin kiɗansa kamar sun halarta. Shi kaɗai ya san gaskiya. A tsakiyar kiɗan nan guda ɗaya akwai wurin da ƙaramin yatsa zai yi tsalle daga gaɓa ta uku zuwa ta bakwai a wuyan jitar, kuma shekara ashirin da biyu yatsan nan bai taɓa isa a kan lokaci ba. Sai ya makara, ya taɓa tsirkiyar da ba ita ba, ya dawo da baya da sauri ya taɓa ta gaskiyar, kamar mai tafiya ya yi tuntuɓe ya waiga ya ga ko an gan shi. Da keke ne ke irin wannan tsallake, da tuni ya kwance shi har ƙusa ta ƙarshe.

Wadda yake tsoro ta ji ba kowa ba ce sai matarsa. Malamar lissafi ce a makarantar firamare, kowa Malama yake ce mata, har shi. Mace ce da jan biro ba ya rabuwa da jakarta. Ta taɓa gyara rubutun da ke jikin allon shagonsa, da alli, a gaban teloli uku. Kullum yana ɗaki yana tsin-tsin, ita tana falo a kan tebur tana makin littattafai, shi kuma hankalinsa kwance, don ya tabbata abin da ke fita daga jitar ba ya ƙetare bakin ƙofa.

In ta ce, "Malam, yaushe za a saya wa abar nan baki?" sai ya ce bai samu wadda ta dace ba tukuna. Wata shekarar ya ce na yanzu duk ba su da ƙwari. Wata shekarar ya ce yana tausayin maƙwabta.

Ritayar Malama ce ta tona shi. Mutumin da ya saba da yara arba'in a gabansa, in aka ce ya zauna gida, sai ya nemi abin dubawa. A makon farko ta jera kwalaben kicin bisa tsayi. A mako na biyu ta zauna a bakin gado ta dube shi.

"Auta za ta zo da jaririn ranar Asabar ta sama. Ina so a ji jitar nan da murya."

"Ai na gaya miki, ban samu wadda..."

"Na ji, tun Auta na aji biyu nake ji. Ko ka je ka zaɓo da kanka, ko in gaya wa surukinka ya zaɓo maka."

Surukin nan nasa yaron kirki ne, amma in ya kunna rediyon motarsa tagogin layin gaba ɗaya sai sun amsa. In aka bar masa zaɓi, abin da zai kawo sai an nemo mutum biyu su kama, kuma tuntuɓen da aka ɓoye shekara ashirin da biyu har masu jiran mota a bakin titi sai sun ji shi.

Washegari ya rufe shago da wuri, ya saƙa jitar a jakarta, ya sa sukudireba a aljihun gaba, ya tafi layin masu kayan sauti.

Mai shagon da ya shiga wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai furfura a gemu, wanda shekarun da ya yi cikin lasifikoki suka cinye masa rabin ji, saboda haka ko sannu zai ce maka sai ka ɗauka faɗa ne.

"Maraba da babban makaɗi! Me za a ba ka? Ta taro ko ta fili?"

"Ta ɗaki," in ji Malam Kunne. "Wacce ce ta fi ƙaramar murya?"

Mai shago ya tsaya da baki buɗe. "Alhaji, shekara ashirin ina wannan kasuwa, kowa tambayarsa wacce ta fi ƙara. Kai ne na farko da ya zo sayen shiru. Ai shirun kana da shi a gida kyauta."

"Kunna min su dai in ji."

"Jona jitarka mana."

"A'a. Kunna kawai."

Aka kunna ta farko, wata mai girman akwatin lefe, a'a, ta ma fi, don mai shagon da ƙafa ya turo ta. Malam Kunne ya zaro sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin akwatin, ya manna kunne. Mai shago ya dubi maƙwabcinsa mai sayar da wayoyi, ya yi masa alama da ido ya zo ya ga ikon Allah.

"Wannan huci take yi," in ji Malam Kunne. "Ba a taɓa ta ba ma tana gurnani. In na kai ta gida, matata za ta ce na ajiye dabba."

Ta biyu matsakaiciya ce, fuskarta cike da maɓallai da 'yan fitilu kore da ja. Mai shago ya fara yabonta: wannan maɓalli zai sa kiɗanka ya yi kamar a cikin kogo, wannan zai maimaita duk abin da ka kaɗa sau uku.

"Sau uku?"

"Sau uku, har huɗu in kana so!"

"Duk abin da na kaɗa?"

"Komai! Ba ta barin ko ɗaya."

"Ɗauke ta," in ji Malam Kunne da sauri.

Ta uku ya saurara ya daɗe, sa'an nan ya juya ta, ya ɗaure wata ƙusa da ta yi sako-sako a bayanta, ya mayar wa mai shago ya ce yanzu ta daina kaɗa haƙora, amma shi ba ya so. Mai shago ya ce to ko zai zauna ya bi sauran kayan shagon ne, a kawo masa kujera.

Can ƙasan kanta, bayan wani kwali, ya hango wata 'yar mitsitsiya baƙa, ba ta fi gwangwanin madara babba ba, da ɗan hannu na ɗauka a samanta. Abin murɗawa uku kacal gare ta. Mai shago ya hure ƙurar kanta ya ce wannan ta masu koyo ce, da batir ma tana yi in an ɗauke wuta, kuma ko ka murɗe ta ƙarshe ba za ta tashi mai barcin rana a ɗaki na gaba ba. Yana faɗa yana yamutsa fuska, kamar mai ba da haƙuri a kan ɗansa da bai yi tsayi ba.

Malam Kunne ya ɗora sukudireba. Shiru, sai wani ɗan numfashi siriri, irin na keken da aka yi wa mai jiya. Ya ji zuciyarsa ta kwanta. Sa'an nan ya nuna wani ɗan rami a gefenta.

"Wannan fa?"

"Na abin kunne ne. In ka soka shi nan, bakinta ya mutu, kai kaɗai za ka ji kanka."

"Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai da Mahaliccinka. To yanzu dai jona ka ɗan taɓa mana, mu ma mu ƙaru."

Mai sayar da wayoyi ya gyara tsayuwa, wani mai wucewa ma ya leƙo. Malam Kunne ya dubi jakar jitarsa, ya dube su, ya ce shi ba ya gwada kaya a cikin hayaniya, kunnensa ya riga ya gama aikin. Mai shago da kansa ya karɓi jitar ya jona, ya watsa yatsu a kanta, kiɗa ya zubo tas. Karo na farko ke nan da Malam Kunne ya ji muryar jitar tun ranar da yayansa ya tafi. Ya tsaya riƙe da sukudireba, har mai shagon ya rage murya da kansa ya ce, "Tsohuwa ce, amma da sauranta."

Da ya iso gida Malama ta juya 'yar amfilifayar a hannu, ta duba ƙasanta, ta duba bayanta.

"Ina uwarta?"

"Ita ke nan."

"To, Allah ya raya ta. Kunna mu ji."

Nan ne ya fito da ƙaryar da ya ɗinka a hanya. Ya ce sabon inji ba a sakar masa gudu ranar farko, sai an bi shi a hankali kamar sabon keke, kwana goma sha ɗaya, ta abin kunne, in ba haka ba muryarta ta shaƙe. Malama ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida.

"Kwana goma sha ɗaya. Daidai ranar Asabar ke nan. Injin ya iya lissafi."

Ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa ruf, abin da bai taɓa yi ba, har ya cusa tsohon tawul a ƙarƙashinta. Ya jona, ya sa abin kunne, ya kaɗa.

Wayyo. Abin da shiru ya rufa wa asiri shekara da shekaru, 'yar baƙar nan ta kawo masa shi har cikin ƙwaƙwalwa. Yatsunsa suna ƙara in sun goga tsirkiya. Tsirkiya ta biyu tana zizara. Tuntuɓen kuwa, da ya iso wurin, ji ya yi kamar an saki faranti a kan siminti. Ya cire abin kunnen ya zauna yana kallon tsohuwar fanka. Da tela ne ya kawo masa keke mai irin wannan sauti, da ya tambaye shi laifin me keken ya yi masa.

Amma mai gyara mai gyara ne. Washegari ya bi abin yadda yake bin keke mai tsallake: ba a taka feda, da hannu ake juya ƙafar a hankali har a ga daidai inda allura ke saɓa wa zare. Ya rage gudun kiɗan har ya zama kamar tafiyar mai ciwon ƙafa. A rana ta uku ya gano ashe laifin ba na ƙaramin yatsa ba ne, babban yatsa ne ke maƙale a bayan wuyan jitar ya ƙi sakin hannu. Shekara ashirin da biyu yana zagin wanda ba shi da laifi. Daga nan ya kama wurin nan guda, uku zuwa bakwai, uku zuwa bakwai, sau ɗari a zama ɗaya, gumi na bin bayansa don ƙofa a rufe take.

A rana ta shida Malama ta ƙwanƙwasa, bai ji ba, sai da ta turo ƙofar tawul ya naɗe.

"Malam, ni fa ban gane ba. Mun sayi abin ƙara, gidan ya ƙara shiru."

"Saura kwana biyar."

"Ko tsin-tsin ɗin ma an hana mu?"

Bai kula da maganar ba, hankalinsa na kan babban yatsa.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta iso da mijinta da jaririn, ɗan wata huɗu mai kumatu. Surukin ya ga amfilifayar a kan teburin falo, ya durƙusa ya gaishe da Malam Kunne, sa'an nan ya kasa daurewa.

"Baba, da ka faɗa min ai da na kawo maka wadda za a ji. Wannan ai rediyon aljihu ce."

"Za a ji," in ji Malam Kunne. Muryarsa dai ba ta fito da ƙarfi ba.

Ya zauna. Malama na kujerarta ta tebur, hannu a harɗe, kuma ya lura jan biron na nan kusa da gwiwar hannunta, ko da yake ba littafin da za ta yi wa maki. Auta na jijjiga jaririn da ya fara ƙananan koke-koke. Ya zare abin kunne daga raminsa, ya murɗa ƙarar zuwa lamba uku, ya sake mayar da ita biyu, ya yi bisimilla.

Kiɗan ya fito a hankali, mai tsabta, ya cika falon bai wuce shi ba. Ya iso wurin. Babban yatsa ya saki, ƙaramin ya tashi daga uku ya sauka a bakwai daram, a kan lokaci, ba ko gargada. Ya ƙarasa, ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin, ya ɗaga kai yana jiran abin da ya yi kwana goma sha ɗaya yana wa gumi.

Surukin ya tafa. Shi kaɗai.

Malama ta dubi Auta, Auta ta dubi Malama.

"Ka tsallake wuri," in ji Malama.

"Ni? Ina?"

"A tsakiya. Wurin da yake ɗan tsayawa ya koma baya."

"Wallahi Baba ka cire," in ji Auta. "Ji yadda yake." Ta fara rera kiɗan da hanci tana jijjiga yaron, tiryan-tiryan, da ta iso wurin sai ta ɗan tsaya, ta taɓa muryar da ba ita ba, ta dawo da sauri ta kama ta gaskiyar, tana bubbuga bayan jaririn sau biyu daidai nan. Malama ta kama mata, su biyu, tuntuɓensu ɗaya, ba wadda ta riga wata. Yaron ya yi hamma ya lafe.

Malam Kunne ya ji kamar an zare masa kujera.

"Wannan ai kuskure ne! Yaya ba haka ya koya min ba. A ina ma kuka ji shi?"

"A ina?" in ji Malama. "Ƙofa a buɗe, tebur ɗina taku huɗu daga ɗakin. Kai kaɗai aka ba kunne a gidan nan?"

"Da shi nake sa yaron nan barci," in ji Auta. "Ni ma da shi na yi ta barci har na girma. In ban yi ɗan komawa bayan nan ba, buɗe ido yake yi ya dube ni."

Ya juya ga matarsa. "Kin san kuskure ne?"

"Malam, shekara talatin ina cin abinci da kuskuren 'ya'yan mutane. Tun makon farko na sani."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba? Ke da kika gyara min allon shago a gaban jama'a?"

"Allon shago a titi yake. Wannan kuwa ba ka taɓa kawo min littafinka ba, ni kuma ba na makin abin da ba a miƙo min ba." Ta ɗauki biron ta jefa a jaka. "Kuma daidai wurin nake juya shafi. Kwana goma sha ɗayan nan ko jarida na ɗauka sai in rasa inda zan juya. Maido mana abinmu."

Surukin, da ya ga inda iska ta kaɗa, ya ce shi ma dai ya ji kamar da ɗan abin da ya rage. Auta ta ce ya yi shiru, shi da bai taɓa ji ba.

Malam Kunne ya gyara zaman jitar, ya ja numfashi, ya sake ɗaukowa daga farko. Mutumin da bai taɓa barin keke ya fita shagonsa da tsallake ba, yau shi ake roƙo ya mayar da tsallake inda ya cire shi. Ya iso wurin da niyyar yin tuntuɓe, sai yatsan ya tashi da kansa ya sauka a bakwai daram. Ya sake. Daram. Ya sake na uku, ya makara da gangan, sai abin ya fito wani iri, kamar mai ƙaryar ɗingishi.

"A'a," in ji Malama. "Wannan na kanti ne. Namu ba haka yake ba."

Auta ta yi dariya har yaron ya motsa.

Yanzu in ka bi ta layin da yamma, bayan ya rufe shago, za ka iya jin ɗan kiɗa siriri ta tagar falo in ka matso sosai. 'Yar amfilifayar na kan akwati a bakin ƙofar ƙaramin ɗaki, ƙofar a buɗe, ƙarar a lamba biyu. Abin kunnen yana rataye a wuyan tsohuwar fanka, ƙura ta fara hawansa. Malam Kunne na kan kujerar roba yana lallashin babban yatsansa ya koma maƙalewa kamar da, Malama kuma na tebur da jarida a buɗe, hannunta a gefen shafin. Ya iso wurin, ya yi abin da ya iya, ya ɗaga kai.

"Ka kusa," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. "Sake."